"BA ZAI WUCE BA": KALMAR DA TA SA MUKA YI AZUMI BABU KICIN

Jiya bayan la'asar wani abokin aikina ya tare ni a bakin masallacin ofis. Ya ce yana so ya gyara wa iyalinsa kicin, har birkila ya zo ya duba ya ce masa "ba zai wuce dubu 900 ba". Wallahi da na ji kalmar nan sai da gabana ya faɗi, don ita ce ta sa muka yi azumin 2024 a gidana babu kicin. Na ce masa ya dakata, zan rubuta abin a nan, in ya so shi da duk mai irin niyyarsa su karanta.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekara 17 ke nan fayil-fayil na kwangila suna bi ta kan teburina. Na san yadda aiki ke mutuwa a rabi. A yi ƙiyasi sama-sama, a fara aiki, kuɗi su ƙare, ɗan kwangila ya dawo neman ƙari, gini ya tsaya ciyawa ta rufe shi. Mun sha zama a ofis muna tsinar masu yin haka. Sai ga shi da aiki ya zo cikin gidana a Unguwar Dosa, duk abin da nake zagin wasu a kansa babu wanda ban aikata ba.

A watan Nuwamban 2023 na kira birkila. Kicin ɗin ƙafa goma ne tsawo da faɗi, siminti ya farfashe, ƙarƙashin wurin wanke-wanke kullum a jiƙe, gara ta cinye kantar katakon da ke ciki. Ya shiga, ya ɗaga kai, ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, ya ce, "Yallaɓai, da tayil da kabad da komai, ba zai wuce dubu 800 ba." Ko tef bai ciro ba, ni kuma ban ce ya ciro ba. Daɗi ma na ji, don kuɗin ya yi daidai da abin da nake sa ran ɗauka a adashin ofis. Kun ga kuskure na farko ke nan: ban nemi sanin abin da aikin zai ci ba, na nemi wanda zai faɗa mini abin da aljihuna ke son ji.

Kwasata ba ta zo ba sai Fabrairun 2024. Duk wanda ya sayi ko da ƙusa a watannin nan ya san abin da ya faru. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Buhun simintin da na tambaya a Kawo a watan Nuwamba aka ce mini dubu 5 da ɗoriya, ranar da na je da kuɗi a hannu ya haura dubu 10. A watan ne ma ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti, Dangote da BUA da Lafarge, aka sanar cewa buhu zai tsaya tsakanin naira 7,000 zuwa 8,000. To ni dai na riga na sa an fasa bango.

Nan ne na fi jin kunyar kaina. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda nake aiki da ita, tun farko kashi 15 cikin 100 ta amince a ba ɗan kwangila kafin alƙalami. Ni na ɗauki dubu 550 cikin 800 na danƙa wa mutum ɗaya, babu takarda, babu shaida sai almajirin da ya kawo masa ruwa. Aka fasa ƙasa, sai aka tarar bututun da ke kai ruwa kwata ya ruɓe tun daga ciki har waje. Aka ɓare filasta, sai ga wayar wuta siririya, wai ita ke ɗauke da firji da abin dafa ruwa duk shekarun nan. Babu ko ɗaya cikin biyun a lissafin "ba zai wuce ba". Kwana goma sha biyu kuɗi suka ƙare, birkila ya koma wani aiki a Malali, ni kuma na koma jiran albashi.

Aka ga watan azumi a cikin Maris. Uwargida ta fitar da tukunyar gas tsakar gida, gas ya ƙare ta koma gawayi. Wanda ya san zafin Kaduna a watan Maris da ƙarfe huɗu na yamma, ya ƙiyasta mace mai azumi a durƙushe gaban kurfoti tana suyar ƙosai da dama kunu na mutum takwas. Kwanuka a baho a bayan ɗaki, kaji na bi ta kai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Wata rana dai bayan shan ruwa ta ce, "Malam, da ka tambaye ni, ai ni ba kabad ne ya dame ni ba. Ruwan nan da ke kwanciya ne, da taga." Shekara goma sha ɗaya tana girki a ɗakin da hayaƙi ba ya fita, ni kuma na je na yi ciniki a kan kalar tayil.

Ba mu koma kicin ba sai makonni biyu bayan ƙaramar sallah. Da na zauna na haɗa rasit da abin da na tura ta waya, aikin dubu 800 ya ci miliyan 1 da dubu 700 da 'yan kai. Har da bashin da sai a 2025 na gama biya.

Yanzu ga ra'ayina, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. Tsadar kaya gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ta kayar da ni ba. Da na yi lissafi da kyau, ƙarin da tashin farashi ya jawo bai kai rabin abin da ya ƙaru ba. Sauran duk abubuwa ne da suke nan tun ranar farko, ba a duba ba, ba a rubuta ba. Mun saba ɗora wa dala komai, har da sakacinmu.

Kuma kada mu yi saurin cewa masu aikin hannu macuta ne. Akwai macuta, ba musu. Amma mu muka koya wa da yawansu wannan hali. Ka kira mutum uku, wanda ya auna ya faɗa maka gaskiya ka ce ya cika tsada, ka ɗauki wanda ya faɗi rabi. Gobe shi ma mai gaskiyar ya gane cewa in yana son aiki sai ya faɗi kaɗan, in an fasa bango ai dole mai gida ya nemo sauran. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu fara biyan kuɗin ƙiyasi. Ka ba mutum dubu 10 ko 15 ya ɓata yininsa ya auna, ya shiga kasuwa, ya rubuto maka komai dalla-dalla, da sharaɗin takardar taka ce ko da ba shi zai yi aikin ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna duk shekara suna yaye matasan da suka karanci ƙididdigar kuɗin gini, da yawansu suna unguwanninmu ba aikin yi. Muna ganin su na manyan gine-gine ne kawai. Ni kuwa da na biya ɗaya daga cikinsu dubu 15, da ya tsirar mini da dubu ɗaruruwa.

Ƙiyasin da ya amsa sunansa ba lamba ɗaya ba ce da za a faɗa maka a tsaye. Takarda ce, kuma kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. In aka haɗe su ba za ka taɓa sanin inda kuɗinka ya shiga ba. Kayan ma kowanne da adadinsa: buhu nawa, kwali nawa, bututu mai inci nawa, tsawon waya nawa. Tayil ba ya buƙatar digiri. Ɗaki ƙafa goma da goma murabba'in mita 9 ne da ɗan ɗori, a jikin kowane kwali kuma an rubuta abin da yake rufewa. Ka auna bangon da za a manna wa, ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ka saye shi duka rana ɗaya. Ni na sayi rabi, da na koma bayan wata guda irinsa ya ƙare a shagon. Yau in ka shiga kicin ɗina bango biyu kalarsu daban, baƙi suna zaton ado ne.

Sai abubuwan da ba wanda ke tunawa da su sai sun taso: kuɗin mai a-kori-kura daga kasuwa zuwa gida, masu kwashe ɓaraguzai, ruwan 'yan garuwa in famfo bai kawo ba, abincin leburori, man janareta ranar da mai yankan tayil ya zo babu wuta. Kowanne ƙarami ne, amma ni a haɗe sun ci mini kusan dubu 120.

Abin da ya fi komai muhimmanci a Najeriyar yau shi ne kwanan wata a saman takardar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A irin wannan yanayi ƙiyasi kamar tumatir ne, ba ya ajiyuwa. In ya wuce wata guda a hannunka, sake zagaya kasuwa kafin ka taɓa bango. In kuma kuɗinka a gutsure suke zuwa kamar na kowane ɗan albashi, kada ka fara da fasawa. Fara da saye. Wannan watan sinki da bututu, wata mai zuwa waya da soket, na gaba tayil, ka jibge su a ɗaki. Siminti ne kawai ba a ajiyewa da daɗewa don yana daskarewa, musamman da damina. Ranar da kaya suka cika, kuɗin aiki na hannunka, da ƙarin kashi 20 cikin 100 a gefe saboda abin da ke ɓoye cikin bango, ranar za ka kira mai guduma. Shi ma a biya shi mataki-mataki, in ya gama wannan a ba shi na gaba.

Wajen zaɓin abin da za a fara kashe wa kuɗi, a tambayi mai girkin. Mu maza idonmu na kan abin da baƙo zai gani. Dubi gidajen da ake ginawa a Rigachikun da Mando da bayan Kawo: get na miliyoyi, falo da silin mai hawa-hawa da fitilu kala-kala, kicin kuwa ɗan lungun da ya rage bayan an fitar da ɗakuna, da taga kamar ta kurkuku. Alhali a nan ake yini. In kuɗi ba su kai ba, a bi ruwa da wuta da iska tukuna. Kabad na iya jira. Na allon katakon nan da ake matsawa ma, in ruwa ya taɓa shi kumbura yake yi, gara ka zuba kanta ta kankare a manna mata tayil, in ka samu sarari daga baya a sa mata ƙofofi. Tukunyar gas kuma a fitar da ita waje. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya a ɗaki, ba ta tashi ta fita ta taga. Ka je Panteka, masu walda za su haɗa maka kejin ƙarfe da makulli a kuɗin da bai kai na ƙofar kabad biyu ba.

Na san wani zai ce, Malam, ana fama da abin da za a dafa kai kana maganar inda za a dafa. Gaskiyarka. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne tun Yulin 2024, Gwamna Uba Sani ya amince da dubu 72 a Kaduna. Mai wannan albashi ba kicin ne a gabansa ba. Amma wanda ya fi kowa buƙatar lissafi ai shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Mai kuɗi in aiki ya zarce ƙiyasi tsaki kawai zai yi ya tura ƙari. Mu kuwa kuɗin makarantar yara ne ke tafiya.

Akwai kuma maganar da ya kamata ƙungiyoyinmu na ƙwadago su riƙa tayarwa. Tun dokar 1992 ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa. Bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya yana da rancen gyaran gida ga masu zubi, wanda a 2024 iyakarsa naira miliyan 1 ce. Lokacin da buhun siminti bai kai dubu 3 ba, miliyan ɗaya kuɗi ne, za ta gyara rufi da kicin da banɗaki. Yau ɗan kicin ɗina mai ƙafa goma ya fi ƙarfinta. Ya kamata a riƙa ɗaga iyakar tana bin farashin kayan gini.

Shi kuwa abokin aikina, mun yi da shi ranar Asabar zan raka shi. Na ce ya sayo tef da littafi mai layi, kada ya kira birkila tukuna. Za mu fara da zama a falo, maiɗakinsa ta faɗa masa abubuwa uku da suka fi damunta a kicin ɗin, ya rubuta da hannunsa. Daga nan mu buɗe famfo mu ga inda ruwan ke bi.