Kafin ka ɗaure jaka zuwa Malesiya

Tun da Dubai ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza a 2022, ta kuma sake buɗewa a 2024 da sharuɗɗa masu nauyi, masu ɗan hali a Agege suka fara waiwayar gabas. A majalisar 'yan canji ko ta dillalan shanu a Oko-Oba za ka ji ana ambaton Tailan da Biyetnam da Malesiya, wai can akwai araha ga kwanciyar hankali. Arahar gaskiya ce, amma sai ka isa. Mai fasfon Najeriya a hanya kuɗinsa ke ƙarewa.

Filin jirgin Murtala Muhammed ga shi nan a Ikeja, maƙwabcinmu, amma ba jirgin da zai ɗauke ka daga nan ya dire ka can kai tsaye. Dole ka yada zango a Adis Ababa ko Doha ko Istanbul, tikitin kuma da dala ake auna shi, kowa ya san yadda naira ta koma tun Yunin 2023. Ga biza, ga katin allurar shawara. Indonesiya ma ta sa Najeriya cikin ƙasashe ƙalilan da sai hukumomi a Jakarta sun tantance mutum kafin a buga masa biza.

In za a bi ta tawa, Alhaji, Malesiya za ka nufa, kuma kada ka daɗe a Kuala Lumpur. Wanda ya gudo daga cunkoson Pen Cinema me zai yi da wani babban birni? Ka hau jirgin cikin gida, kamar awa guda kana Kota Bharu, hedikwatar jihar Kelantan. Nan Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, haka ma a maƙwabciyarta Terengganu. Allunan shaguna da na tituna za ka gan su da haruffan Larabci, rubutun Jawi, wanda duk mai karanta ajami zai iya harhaɗawa ko bai san ma'anar ba. Babbar kasuwar garin sunan Nana Khadija aka sa mata, kuma mata ne suka fi yawa a rumfunanta, don haka Hajiya ba za ta rasa abin kallo da na ciniki ba. Nama ba sai ka tsaya tambayar wa ya yanka ba. Masallaci kuwa ko'ina, sai dai su Shafi'iyya ne: za ka ji liman na bayyana Bisimillah, da asuba kuma ƙunutinsu bayan ruku'u ne. Abu ɗaya za ka kiyaye, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan sama ke mulki a gaɓar tekun jihohin nan biyu, har ambaliya akan yi, masaukan tsibiran Perhentian ma rufewa suke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ejan. Malesiya na da ofishin jakadanci a Abuja. Can ya kamata ka fara jin sharuɗɗan biza, ba a bakin wanda zai ce kawo fasfo da kuɗi ka je ka kwanta ba. Samarinmu kuma, don Allah ku ji. Duk wanda ya ce ya samo maka aikin kwamfuta a Tailan ko Kambodiya, shi zai biya tikiti, shi zai biya masauki, ka guje shi. A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ake tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da yawa da irin wannan alkawari aka kai su, aka ƙwace fasfonsu.

Sai batun saƙo. Mu mutane ne masu kara, matafiyi ba ya iya cewa a'a in an ce kai wa wane. Amma ƙasashen nan ba sa wasa da miyagun ƙwayoyi. A Afrilun 2015 akwai 'yan Najeriya cikin mutum takwas da Indonesiya ta harbe a tsibirin Nusakambangan, Singafo kuma har yau rataye mutum take yi. Duk wanda ya kawo maka ƙunshi, ko uwarku ɗaya ubanku ɗaya, ya kwance shi a gabanka ka gani da idonka. In ya ce ba a buɗewa, ka mayar masa da kayansa tun a ƙofar gida.