Ra'ayinmu: Shekarun Da Takardar Neman Aiki Ta Yi Shiru A Kansu

Duk lokacin da aka buɗe ƙofar ɗaukar malamai, ko a hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko a makarantu masu zaman kansu, mukan ga 'yan'uwa da 'ya'yanmu sun zo ofishin reshe da tambaya guda: me za a rubuta a kan shekarun da mutum bai karɓi albashi ba? Wasu kan bar wurin babu komai. Wasu kuwa, kuma wannan ne ya fi damun mu, kan ja kwanan wata su toshe giɓin, ko su samo takardar shaidar aiki daga makarantar da ba su taɓa riƙe alli a cikinta ba.

Muna roƙon a daina. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Takardar da aka shigar yau tana nan a fayil, za ta fito ranar tantance ma'aikata, za ta sake fitowa ranar lissafin fansho, lokacin da furfura ta riga ta rufe kai kuma babu damar gyara. Wanda aka kama da takardar jabu, kora ce makomarsa, ƙungiya kuma ba ta da bakin kare shi.

Ballantana ma yawancin giɓin nan ba abin kunya ba ne. An rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malaman makarantun kuɗi da dama suka wayi gari ba albashi, wasunsu ba a sake kiran su ba. A shekarar nan ce kuma aka sallami rukuni na farko da na biyu na matasan N-Power, waɗanda da yawansu a aji suka yi hidimarsu. Akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu. Akwai 'yan'uwanmu mata da suka ajiye aiki don goyo, ko jinyar mahaifi, ko takaba da abin da ya biyo bayanta. Masu zama a kwamitin ɗaukar aiki a cikin al'ummar nan suke, sun san duk wannan.

Abin da ake bukata layi biyu ne ko uku: daga yaushe zuwa yaushe, mene ne dalili, me aka yi a tsakani. Na ukun nan ne mutanenmu suka fi rainawa. Malamar da ta shekara huɗu tana koyar da yaran unguwa a zauren gidansu, ko tana karantarwa a Islamiyya, koyarwa ta yi. Ta rubuta, ta karɓi wasiƙar shaida daga shugaban makarantar ko mai unguwa. Wanda ya koma karatu ya ɗora digiri a kan NCE, ko ya yi rajista da hukumar TRCN, ya haɗa da kwafin takardunsa. Noma da kasuwanci ma a ambace su da sunansu. Idan rashin lafiya ne, ya isa a ce an yi jinya an warke. Ba dole ba ne a zayyana ciwon.

Mai wuyar ita ce ta wanda aka kora. Gara kwamiti ya ji daga bakinsa da ya ji daga waje. Ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, ba zagin tsohon shugaba, ba dogon ƙorafi, sannan ya nuna abin da ya gyara tun daga lokacin.

Muna kuma da magana da membobinmu da kan zauna a irin waɗannan kwamitoci, musamman shugabannin makarantu. Idan kun ga shekara uku babu bayani, ku tambaya kafin ku ture fayil gefe, ku kuma ba mai nema alli da allo na minti goma ku ga yadda zai koyar. Wanda ke son a duba masa takardunsa kafin ya miƙa, sakatariyar reshe a buɗe take a ranakun aiki. Ya zo da takardun asali tare da kwafinsu.