Daga Bakin Rumfa: Muryar da na tura ban saurara ba

A wannan makon na yi niyyar yin magana kan tsadar hayar shago da ta addabe mu a nan Kumasi, sai wani abu ya ture wancan zancen. Kuma tunda da hannuna a ciki, ba zan iya yin shiru ba.

Wata uku da suka wuce wani saƙon murya ya shigo mini ta WhatsApp, na minti tara. Na saurari minti biyu na farko ina auna wa wata mata yadi. Sallama cikakkiya, salati, Hausa tatacciya irin ta gida. Mutumin ya ce shi dokta ne, yana bayanin wasu ƙwayoyin ƙarin lafiya da aka haɗa da zogale da habbatus sauda da wasu saiwoyi na ƙasar waje. Na ce a raina wannan ai alheri ne, na danna na tura zauren 'yan garinmu, mu ɗari da wani abu. Ashe dafin yana cikin minti bakwai ɗin da ban ji ba. A can ne ya ce duk mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye maganin asibiti, wai shi ke hana nasa aiki, ya sha kwalba uku a jere ya rabu da ciwon har abada. Sannan ya karanto lambar wakilinsu.

Alhaji maƙwabcina a kasuwa ya saurara har ƙarshe. Ya girme ni da kusan shekara goma, kuma shi ya sauke ni a gidansa a Aboabo lokacin da na zo garin nan da jaka ɗaya. Shekararsa takwas yana fama da suga. Ban san ya saya ba sai ranar da na ga kwalbar kusa da butarsa.

Na ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya ce, "Kai ka turo mana ai, Malam. Kwana goma sha biyu ke nan ban taɓa na asibiti ba, kuma ka gan ni garau."

Daga nan muka shiga musu, kusan kullum bayan la'asar. Zan faɗi hujjojinsa yadda ya faɗe su, domin ba shirme ba ne, kuma na san da yawanku haka kuke gani. Ya ce idan ya je asibiti sai ya rufe shago wuni guda, ya bi layi tun asuba, a ƙarshe likita ya ba shi minti biyar da Turanci ko Asantanci, rabin maganar ba ya kamawa. Ya ce shekara takwas ba wanda ya taɓa ce masa zai warke, sai dai "ci gaba da sha". Ga wani kuma ya zauna ya yi masa bayani da harshen uwarsa, a natse, ya ce akwai mafita. Ya ce, "To wa zan bi?"

Wannan tambayar ta dame ni, don nan ne lagon namu yake, mu mazauna ƙasar wasu. Muryar Bahaushe a waya tana shiga zuciyarmu ba tare da ta yi sallama sau biyu ba. Mutumin da ba zai karɓi bandir ɗin shadda ba sai ya warware ya duba gefe da gefe, sai ga shi ya haɗiye abin da bai san mahaɗinsa ba saboda an yi masa magana da Hausa an sa Insha Allahu a ƙarshe. Cinikin biri a sama ke nan, kuma da jikinmu muke biya.

Da ya kawo zancen habbatus sauda na ce masa ni ba ni da ja da ita, tana nan a gidana, da zuma da tafarnuwa. Zogale kuwa uwargida tana kwaɗa mana shi da ƙuli. Rigimata da kwalbar ce. Wa ya ga lokacin da aka cika ta? Me ya tabbatar abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki?

Ya juya kwalbar ya nuna mini lamba, ya ce ga rajista, kuma doktan ya ce an amince da ita a Amurka. A nan na rasa amsa, sai na kai maganar gida wurin 'yata ta biyu da ke karatun jinya. Kafin ta ba ni amsa sai da ta wanke ni tas, cikin ladabi dai. Ta ce, "Baba, kai da kake hana mu yaɗa jita-jita?" Na yi shiru, don gaskiyarta.

Abin da ta nuna mini, na kuma bi na karanta da kaina, shi ne wannan. A Amurka, bisa dokar da suka yi a 1994, ƙwayoyin ƙarin lafiya ba sa bin hanyar da magani ke bi. Kamfani ba ya buƙatar ya tabbatar wa hukumar abinci da magunguna cewa kayansa na warkarwa kafin ya kai kasuwa, hukumar kuma ba ta ba su shaidar amincewa irin ta magani. Saboda haka duk wanda ya ce maka "Amurka ta amince da shi" game da irin waɗannan kwalabe, ko bai sani ba, ko ya san ba ka sani ba. A Najeriya ma, yawancin magungunan gargajiya da NAFDAC ke ba wa lamba, abin da ta duba shi ne ko suna cutarwa, shi ya sa za ka ga an rubuta a jiki da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mu kuma lambar muke kallo, ba ma karanta ƙananan haruffan.

Sai kalmar nan da suke so, wai "na ganye ne zalla, ba ya illa". To zaƙami ma ganye ne. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni huɗu masu sayar da zumar ƙarfin maza, bayan ta gano an ɓoye sinadaran Viagra da Cialis a ciki ba a rubuta ba. Wanda ke shan wasu magungunan ciwon zuciya, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Kun san irin wannan zumar ba baƙuwa ba ce a tashoshinmu. Haka matanmu da 'yan matanmu da ke neman ƙiba: abin da ake kira sha ka fashe sau da yawa deksametazon ne, maganin asibiti mai ƙarfi, wanda idan aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba yana kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya ɗaga jini.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na bitamin, don ni da ina ɗauka bitamin ko ka sha buhu ba komai. Ashe irin su A da D jiki ba ya zubar da rararsu a fitsari, taruwa suke yi, kuma bitamin A mai yawa haɗari ne ga ɗan da ke ciki. An taɓa yin wani babban gwaji a ƙasar Finlan kan maza masu shan taba kimanin 29,000, aka fitar da sakamakonsa a 1994. An ba wasunsu ƙwayar beta-karotin, sinadarin nan da ke cikin karas, da zaton za ta kare su daga kansar huhu. Da aka ƙirga, waɗanda suka sha sun fi kamuwa, da kusan kashi 18 cikin ɗari. Masana ne da kansu suka yi kyakkyawan zato, gwaji ya ƙaryata su. To ina ga mai muryar minti tara?

Kada wani ya ce na ce duk ƙwayar ƙarin lafiya ƙarya ce. Maganin ƙarin jini da folik asid da ake ba mata a wurin awon ciki gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ce a riƙa sha kullum. Haka zinki da ake haɗa wa yaro mai gudawa da ruwan gishiri da sukari. Intanet ɗin ma ba duka shara ba ce, ai a cikinta na karanta abubuwan da na kawo muku, kuma shirin Lafiya Zinariya na BBC Hausa da Hausa yake, da likitocin da ake faɗin sunansu da inda suke aiki. Bambancin da na lura da shi irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani ne. Likitan da ya gama bayani ya ce ka je a auna ka, ba ya cin komai a kanka. Wanda ya gama bayani ya karanto lambar waya dillali ne, la'adarsa yake nema. Ni ban raina dillanci ba, na ci abinci da shi shekaru. Amma ban taɓa tambayar dillali ko saniyar da yake talla tana da lafiya ba.

Duk wannan na kai wa Alhaji, ya saurara yana murmushi irin na manya. Abin da ya raba gardamar wani ɗan ciwo ne da takalmi ya ji masa a babban yatsa, ya ƙi warkewa. Ga yawan fitsari da ƙishirwa sun dawo, yana cewa ai dattin ciwon ne ke fita, haka wakilin ya faɗa masa. Ranar wata Juma'a 'yata ta zo rumfa da ɗan injin awon suga, ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, don Allah ka ba ni yatsa ɗaya kawai." Ya miƙa mata don kunya. Da ta ga lambar ba ta ce komai ba, sai ta kira mai tasi.

Kwanansa shida a asibiti, ana saura mako biyu Sallah, lokacin da mai shadda ke yin cinikin rabin shekara. Alhamdu lillahi yatsan ya tsira. Yaronsa ya riƙe shagon, ni ma ina leƙawa, amma abokan ciniki da yawa sun wuce don ba su ga fuskar da suka sani ba.

Na yi saƙon murya na tura zauren, na ce ni na kawo wancan, ban saurara ba, a yafe mini, kuma duk wanda ya ajiye maganinsa ya koma asibiti da kwalbar a hannu ya nuna. Mutum biyu suka kira ni a ɓoye, ɗaya ma matarsa ce ta daina na hawan jini. Wani kuma ya rubuta a zauren cewa 'yan boko sun saye ni.

Alhaji ya koma kan maganinsa, yana sha safe da yamma, ni shaida ne. Sai dai har jiya da muka zauna ya ce mini shi a ganinsa jabu aka sayar masa, da ya samu na asalin da wani zancen ake yi. Kwalba ta ukun, wadda bai buɗe ba, tana nan a ƙasan kantarsa. Na ce ya ba ni in zubar, ya ce in bari tukuna, kuɗinsa ne.