Raddi Ga Masu Fatawar Bakin Gado

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, wata ɗabi'a ta yaɗu a tsakaninmu, musamman ga wanda ya haddace hadisai biyar ya buɗe shafi a Facebook: gaggawar yanke hukunci a kan abin da bai san surarsa ba. Na baya-bayan nan da ya iso gare ni shi ne batun wata baiwar Allah da aka yi wa tiyatar cire fatar damtse bayan ta rabu da ƙiba mai tsanani. Tana kwance da ɗinki a hannuwa biyu, masu dubiya suna karanta mata aya ta 119 a Suratun Nisa'i, wai ta canza halittar Allah. Subhanallah! Dubiya aka zo ko zaman kotu?

Bari mu fara da sanin abin. Wanda ya sauke kilo hamsin ko fiye, ko ta hanyar kame baki da motsa jiki, ko ta tiyatar rage tumbi, kitsen yana tafiya amma fatar da ta shekara da shekaru a miƙe ba ta komawa. Sai ta riƙa reto daga damtse. Gumi yana taruwa a cikin ninkin, fata tana gugar fata, ƙuraje da ƙaiƙayi da wari su biyo baya, wani lokaci har da gyambo. Wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba sai an yi masa dogon bayani ba. Likita yana yanka ta cikin hannu, daga hammata zuwa kusa da gwiwar hannu, ya cire rarar fatar ya ɗinke. Kuma likitan kirki ba ya taɓa wuƙa sai nauyin mutum ya tsaya wuri guda na watanni. Abin da mai jinya yake samu a ƙarshe shi ne tabo mai tsawon damtsensa, wanda yake ɗaukar shekara ko fiye kafin ya lafa, kuma mu baƙaƙen fata mun fi wasu haɗarin tabon ya yi tudu. Wace mai neman ado ce za ta sayi wannan tabon da kuɗinta?

Hujjarsu ta biyu ita ce hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda aka tsine wa masu tsaga jiki suna cusa baƙi, da masu tsige gira, da masu goge haƙora don yin wushirya. Hadisin ingantacce ne, ba mu da ja. Amma da sun buɗe sharhin Imam Nawawi a kan Sahihu Muslim, da sun ga ya yi bayanin cewa abin da aka haramta shi ne wanda aka yi don neman kyau, idan kuwa don magani ne ko gyaran wani aibi, babu laifi. Sannan ina suka ajiye labarin Arfajatu ɗan As'ad (RA)? An yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. Zinare, wanda aka haramta wa maza, an halatta shi don gusar da wari da muni. Ka lura, wari ne illar, irin wanda wannan baiwar Allah ta yi fama da shi.

Malaman zamani ma ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a shekarar 2007, ta fitar da matsaya mai lamba 173 a kan tiyatar gyaran jiki. Ta halatta wadda ake yi don mayar da gaɓa surarta ta asali, ko gyara aibin da ƙuna ko haɗari ko cuta suka haifar, ko gusar da munin da yake cutar da jiki ko zuciya. Ta hana wadda ake yi don bin son rai da kwaikwayon wasu. Saboda haka kada mai shirin tashi zuwa Turkiyya don ƙara mazaunai ta ɗauki wannan rubutu a matsayin lasisi. Ba da ke nake ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk cikin masu fatawar babu wanda ya tambaye ta yadda take alwala, alhali nan ne take buƙatar malami. Makonnin farko hannu a kumbure yake, a cikin matsattsiyar safa dare da rana, wani lokaci da siririyar roba mai janye ruwa daga raunin. An hana ta ɗaga hannu sama da kafaɗa, an hana ta ɗaukar abu mai nauyi kimanin mako huɗu zuwa shida, don kada ɗinkin ya buɗe, musamman a hammata inda ya fi saurin tsagewa. Ba ta iya ɗaukar bokiti, ba ta iya goya ɗanta, hijabi ma sai an sa mata.

To ke mai jinya, ga abin da ya kamata a gaya miki. Idan bandeji ya rufe gwiwar hannu, ko likita ya hana ruwa ya taɓa wurin, ki wanke inda yake lafiya, ki shafi saman bandejin sau ɗaya da jiƙaƙƙen hannu. Haka a alwala, haka a wankan janaba ko na haila. Wannan shi ne mas'hu alal jabira, kuma Shaihu Khalil ya ware masa fasali a Mukhtasar. Idan wanke sauran gaɓoɓin ma zai cutar da raunin, sai taimama. Ɗaga hannu a kabbarar harama mustahabbi ne a mazhabarmu, barinsa ba ya taɓa sallarki. Idan dafa ƙasa a sujada yana jan ɗinkin, ki zauna ki yi nuni da kai. Imrana ɗan Husaini (RA) basir ne ya dame shi, Annabi (SAW) ya ba shi damar yin salla a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, kamar yadda ya zo a Bukhari. Babu kuma ramuwa a kanki bayan kin warke.

Idan kika ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana zafi, ko mugunya tana fita, ko hannu ɗaya ya fi ɗaya kumburi ƙwarai, ki koma asibiti a ranar, kada ki bari wata goggo ta shafa miki man kaɗanya a kan ɗinkin da bai rufe ba.

Wallahu a'alam.