Masu Cewa Digiri Kwali Ne, Ina 'Ya'yansu Suke Karatu?

Magana ɗaya ta cika majalisun matasa da gidajen rediyo a 'yan shekarun nan: wai digiri kwali ne kawai, sana'a ce mafita. Hujjar ba ta wuce ɗaya ba. A nuna maka wane da ya yi shekara huɗu a jami'a, ya gama bautar ƙasa, ga shi yana jan A Daidaita Sahu. A nuna abokinsa da ya kama gyaran waya a kasuwar Farm Centre tun gama sakandare, har ya yi aure ya sayi fili. Daga nan sai a ce shari'a ta ƙare.

An yi gaggawar yanke hukuncin. Ana auna mai digiri a shekararsa ta farko bayan kammalawa, lokacin da ya fi kowa rauni, alhali amfanin jami'a sai an yi shekara goma ko sha biyar yake fitowa sosai. Karatun jami'a dashen mangwaro ne, mai son ya ci a daminar farko zai ce itacen banza ne. Yaron da ya zauna ya rubuta kundin bincikensa da hannunsa, malami ya mayar masa da shi cike da jan biro, ya sake, ya tsaya gaban mutane ya kare abin da ya rubuta, ya koyi abin da zai bi shi duk inda ya je: ya karanta yarjejeniya mai shafi talatin ya gane inda aka ɓoye cuta, ya rubuta takardar neman jari da banki zai duba, ya bambance hujja da surutu.

Kuma ba lallai kwas ɗin da mutum ya karanta ya zama abincinsa ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ilimin sinadarai ya karanta a ABU Zariya, ya koyar, kafin ya zama gwamna a 1999, shugaban ƙasa a 2007. Ali Nuhu labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ya yi suna a fim, a 2024 aka ba shi shugabancin hukumar fina-finai ta Nijeriya. Masu basira a Kannywood suna da yawa, amma ranar da ake neman wanda zai riƙe hukuma, takardu ake fara tambaya. Haka abin yake ko a ƙasa: mai digiri yana shiga aikin gwamnati a mataki na 8, kuma duk iya bayar da maganinka ba za ka zama mai harhaɗa magunguna ba sai da karatu da lasisi. Aikin likita, lauya da injiniya ma haka.

Wasu suna fakewa da littafin da Farfesa Isa Ali Pantami ya fitar a 2022 a kan muhimmancin ƙwarewa. To, marubucin ya yi digirinsa a ATBU Bauchi, ya je har Birtaniya ya yi na uku, kuma cewa ya yi a haɗa takarda da iya aiki. Masu yayata rabin zancen fa? Ku bincika ku gani, 'ya'yansu suna jami'o'in kuɗi a Abuja, ko Masar, ko Malesiya. Ɗan talaka kaɗai ake yi wa huɗubar ya haƙura da kanikanci.

Wannan ne ya fi ƙona min rai. Yankin da ya fi ko'ina yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, cikin sama da miliyan 10 da UNICEF ta ƙiyasta a Nijeriya, shi ne ake koya wa raina jami'a. Sardauna ya kafa ABU a 1962 ne saboda Arewa ba ta da isassun 'ya'yanta da za su riƙe ofisoshinta, har yau kuma asibitocin karkararmu suna neman likita, makarantunmu suna neman malamin lissafi.

Jami'o'inmu suna da ciwo, wannan ba a musu. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas. Akwai ɗalibin kwamfuta da zai gama bai taɓa rubuta manhajar da ta yi aiki ba, akwai mai sayen kundin bincike. Irin waɗannan lallai kwali suka fito da shi, domin ba su yi karatun ba. Sana'a kuwa abin girmamawa ce, ɗalibi ya riƙe ta a hutu da bayan lacca. Amma fushin da ake saukewa a kan digiri, kamata ya yi a kai shi ƙofar gwamnonin da suka buɗe jami'o'in jiha suka bar ɗakunan gwaji ba kayan aiki, da gwamnatin tarayya da take sa hannu a yarjejeniya da malamai, kamar ta 2009, ta shekara goma ba ta cika ba.