Wayar Hannu a Aji: A Fara da Malami

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan batun koyarwa da wayar hannu a makarantunmu.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma har yau akwai ɗaliban karkara da ba su taɓa zama gaban na'ura ba sai ranar jarrabawa. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin intanet na Nigeria Learning Passport, inda aka zuba darussa kyauta. To, kyautar a baki take. Data kuɗi ce, caji ma kuɗi ne, kuma a gidaje da dama waya ɗaya ce tal, tana aljihun maigida a kasuwa har magariba. Shi ya sa da korona ta rufe makarantu a 2020, darussan rediyo suka fi kaiwa ga yaran ƙauye.

Ni dai ban goyi bayan a damƙa wa kowane yaro waya a aji ba. Faransa, duk da wadatarta, ta hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare amfani da ita a makaranta tun 2018. Yaro da TikTok a hannu, yaushe zai saurari malamin lissafi?

Gara a fara da malami. A ba shi na'ura mai ɗauke da darussan da ke buɗewa ko babu intanet, da ɗan faifan sola na caji, a kuma horar da shi. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje sai ta nuna wa yara gwajin kimiyya a bidiyo, iyaye kuma a riƙa tura musu saƙon murya da Hausa kan aikin gida.

Naka,
Wani malamin sakandare, Kano