Allura a Hannun Mai Jinya

Zuwa ga Edita,

Wannan mako ina so in ajiye zancen shinkafa da alkama da na saba kawo wa masu karatu daga Kura, in yi magana a kan jinya, da wata 'yar sana'a wadda ta dace da ita.

A ƙasarmu kadan mace ta kwanta ciwo mai daɗewa, abin da aka fi yi shi ne a mai da ita gidan iyayenta, ko kuwa a ɗauko wata tsohuwa ta zauna da ita. Miji ya sayi magani, ya leƙo da safe ya gaishe ta da jiki, shi ke nan ya fita. Ban ce rashin tausayi ne kaɗai ke kawo haka ba. Namiji bai saba zama wuri ɗaya ba aikin kome, saboda haka in ya yi sa'a guda a bakin gado sai ka ga ƙafarsa tana neman ƙofa. To, a ganina, in ana so ya zauna sai a ba hannunsa aiki.

Yau wata bakwai ke nan uwargidana tana fama da ciwon zuciya irin wanda kan kama mata bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka yi bincike a kansa tun cikin shekarun 1970. Mai irin wannan ciwo ba ta iya kwanciya sosai, sai a jingine da matasai, dare kuwa ya yi mata tsawo. Ga kuma sanyi. Tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974 ruwa ke bin magudanai ta Bunkure da Kura da Kadawa ko da rani, wanda kuwa ya taɓa kwana kusa da su cikin Disamba da Janairu ya san abin da na ke faɗi. Bargon kanti ya yi mata nauyi a ƙirji, zane ɗaya kuma bai tare kome. Dalilin da ya sa na soma ɗinka bargon ƙyallaye ke nan.

Wani abokin aikina ya yi mini dariya, wai wannan aikin matan Mishan ne. Gaskiya ne a makarantar Mishan na fara ganin irinsa, amma ina tambaya: wa ke yi wa babbar riga aiki a Kano da Zariya, in ba maza ba, har da malamai? Sa'an nan mene ne lifidi? Ai ba wani abu ba ne illa tufa biyu da aka cusa wa auduga a tsakani, aka bi da ɗinki don kada ta zame. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ne ya fara kawo shi, wajen shekarar 1400, har yanzu kuwa muna ganin 'yan lifida ranar hawan Salla. Abin da ya tsare barde daga kibiya, ba zan ji kunyar tsare matata daga hunturu da shi ba. Balle mu mutanen Kura, da turkuɗinmu ya sa aka san sunan garinmu har Agadas, mu ne na ƙarshen da ya kamata su raina tufa da allura. Ba mu kaɗai ba ne kuma: matan Bangal a ƙasar Hindu suna haɗa tsofaffin tufafinsu su yi mayafi, haka nan jikokin bayi a wani ƙauye na Alabama a Amurka, waɗanda aka baje aikinsu a manyan gidajen kallo cikin 2002.

Ga yadda na ke yi. Nakan karɓi ragowar yadi wurin teloli, in haɗa da tsofaffin zannuwanta, in wanke su duka tukuna, gama sabon yadi yakan tsuke, waɗansu kuma su zuba. Turkuɗi dai, duk da kyansa, kada a sa shi, domin shuninsa kan bi jiki. Sai a yanka su murabba'i, yadda kowane zai tsaya inci 6 bayan ɗinki. Bargo mai kamu huɗu a tsaye, kamu uku a kwance, yana cin guda 108. Wannan shi ne na sama. Na ƙasa, wanda ke taɓa fata, tsohon zane ne da ya sha wanki ya yi laushi. A tsakani a shimfiɗa audugar gona wadda aka gurza aka shiɓe, ba da kauri ba. Audugar rimi ta fi sauƙin nauyi, amma takan dunƙule wuri ɗaya, kayan majinyaci kuwa ba su rabuwa da wanki. Daga nan sai a bi da ɗinki layi layi, tazarar yatsa uku, a fara daga tsakiya a nufi baki.

Keke ya fi sauri, amma ƙararsa tana ta da mai barci. Allura kuwa shiru ta ke. Tana riƙe hannu da ido, ta bar kunne sake, har in numfashinta ya sauya nakan ji nan da nan, lokacin magani kuma bai wuce ni. Wayar hannu ba ta yin haka, ita takan ɗauke mutum ɗungum ko da yana zaune a ɗakin. Abin da ya fi duka, ita ce ke zaɓen ƙyallen da zai bi wani, ta ce wannan na sunan ɗanmu na fari ne, wancan ƙanwarta ta kawo mata daga Kantin Kwari. Mutumin da kullum ake yi masa abu, yana jin daɗi ran da aka nemi shawararsa.

Kada fa wani ya ɗauka bargo magani ne. Mai jego kadan ƙafafunta suka kumbura, tana haki ko a zaune, asibiti za a kai ta ran nan, ba gobe ba.

Roƙona ga telolin Kura da Bunkure, su daina ƙone ragowar yadi, su tara a buhu. Ni dai in an tara, ran Asabar zan zo in ɗauka.

Naku,
Akawun Bakin Ruwa, Kura.